Shimfiɗar bargar dawaki a madadin ƙasar mage, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen masu kiwon mage, musamman waɗanda nasu basa fita waje. Ina da guda biyu, mace da muzuru, macen, Lulu, irin masu dogon gashin nan ce mai shafaffen hanci, shi kuma namijin ɗan gida ne, tsintarsa nayi a bakin kwata da damina yana ɗan mitsitsi ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Muna zaune a bene hawa na biyu a Kaduna, babu tsakar gida babu ƙasa, shiyasa dole roba nake ajiye musu a baranda in zuba ƙasar nan ta kanti mai dunƙulewa in fitsari ya taɓa ta.

Toh matsalar dai kuɗi ne wallahi. Tun da naira ta faɗi a 2023 abin yake ta hawa baya saukowa, jaka mai kilo 10 bata kai min sati uku, kuma wani lokacin ma in ka je babu, sai ka zaga shago uku huɗu. Na zauna nayi lissafi naga abinda nake kashewa a kan ƙasar da zasuyi kashi a ciki ya kusa kamo na abincinsu. Baban Ilham ya fara magana kuma gaskiyarsa ne, ni kuma bazan iya rabuwa dasu ba, Lulu shekararta huɗu a hannuna.

Jiya ƙanina yake ce min wai a ƙasashen turawa masu mage da yawa sun bar sayen wannan ƙasar, abinda ake shimfiɗa wa dawaki a barga suke saya saboda yafi araha nesa ba kusa ba, kuma yace yasan wani yaro dake aiki da dawakin folo a wajen Dandalin Murtala zai iya ɗebo min buhu guda kyauta. Kafin ince masa ya kawo nake so inji daga wanda ya sani. Yana kashe zarni? Baya cutar dasu? Kuma zasu yarda su shiga? Dan abinda nake tsoro shine su ƙi robar su koma kan kafet inda muke sallah.

Hajjo_Houston:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ƙaninki bai yi ƙarya ba, ni kaina shekara ta uku kenan da shi nake amfani a nan Texas, maguna uku gare ni. Amma bari in kwatanta miki abin da kyau dan kar a kawo miki wani abu daban.

Wanda muke saya ba garin katako bane a sake. Dusar itacen fayin (pine) ce ake busar da ita da zafi sosai sannan a matse ta a inji ta fito ƙanana ƙanana masu tauri, kinsan abincin kifi ko na zomo? kamarsu ɗaya sak, kaurinsa kamar milimita 6. Ba a sa masa gam, zafi da matsi ne suke sa danƙon dake cikin itacen ya riƙe shi. Ina sayensa a Tractor Supply, shagon kayan noma da kiwo ne, buhu mai fam 40 wato kusan kilo 18 bai kai dala goma ba, kuma yana kai min fiye da wata. A shagon kayan mage akwai irinsa an zuba a ƙaramar jaka an manna hoton kyanwa, in ka lissafa kilo da kilo sai kaga ya ninka kuɗin sau da yawa, alhali in ka zuba su a tafin hannu baka iya bambance su.

Yadda yake aiki kishiyar wanda kika saba ne. Waccan in fitsari ya taɓa ta dunƙulewa take ki kwashe dunƙulen. Wannan kuma in ya jiƙe sai ya kumbura ya warware ya koma gari, busasshen ya tsaya da taurinsa. Shiyasa roba biyu nake haɗawa, ɗaya a cikin ɗaya, ta saman maigidana ya huhhuda mata ƙasa da injin huji kamar gwagwa, kullum da safe in na kwashe kashin sai in girgiza, garin ya zube a ta ƙasan in juye a leda. Ko minti uku baya ɗauka. Kuma ba a cika shi, kamar tsayin gaɓar yatsa ɗaya ya isa tunda kumbura yake.

Zarni kam gaskiya ya fi ƙasar kanti riƙewa, in kin shigo ɗakin wankin da nake ajiye su ƙamshin katako kawai zaki ji kamar shagon kafinta. Kashi ne baya rufewa da kyau, dole ki kwashe da wuri in ba haka ba gidan zai ɗauka. Abu na biyu, ba kowace mage ke yarda ba. Tsohuwar cikin nawa shekararta 13 ƙafafunta na ciwo, ta sa ƙafa ɗaya taji tauri ta ja baya, haka ta tsaya a gefen robar tana kuka tana kallona har na tausaya mata, ita har yau ƙasarta nake saya mata daban. Sauran biyun a hankali na canza musu, na fara da kofi ɗaya a cikin tsohuwar ƙasar, bayan kwana uku na ƙara, sai da nayi sati biyu kafin ya zama shi kaɗai. Kar ki kuskura ki canza a rana ɗaya.

Abinda zan ce ki bincika shine ko wanda ake shimfiɗawa a Kaduna irin wannan ne.

Alh_Garba_Gusau:

Hajiya ni dai a gidanmu tun muna yara mage bata taɓa yankewa ba, kuma ba a taɓa sayen komai ba. Tsohon baho, yashi, a barbaɗa toka kaɗan, shikenan. Duk inda ake gini zaki samu yashi a roƙa a baki bokiti guda. Ki tankaɗe, ki shanya a rana ya gasu sosai saboda ƙuma da ƙwan tsutsa dan magunan unguwa suna tsugunawa a tulin yashi da dare. Nauyi ne kawai matsalarsa tunda kince bene kike, kuma sai kina canzawa duk kwana biyu dan baya riƙe zarni. Allah ya saka miki da tsintar da kika yi wa wannan muzurun, akwai lada a ciki.

DanBarga_Kano:

Hajiya Maman Ilham dan Allah ki dakata, kar ki bari a ɗebo miki komai daga cikin barga. Shekara ta goma sha ɗaya ina kula da dawaki, na hawan sallah da na folo duka na riƙe, kuma wannan ƙwaya ƙwayar da Hajiyar Amurka ta kwatanta ban taɓa zuba wa doki ita ba ko sau ɗaya.

Mu a nan dokin da yake turke a ƙasa yake tsaye, yashi ne a ƙarƙashinsa, safe da yamma a share kashin a kwashe inda ya jiƙe a zuba sabo. Waɗanda aka yi musu ɗaki da daɓen siminti su ne ake shimfiɗa wa dusar katako ko ɓuntun shinkafa dan kar gwiwa da ƙugu su goge in sun kwanta. Dusar kuma daga 'Yan Katako na Na'ibawa muke sayo ta buhu buhu, inda masu kaji suke saye, kuma duk abinda inji ya ci a ranar yana ciki, maɗaci ne, iroko ne, malaina ne, afara ne, har da filawud da guntun katako mai fenti, na sha tsintar ƙusa da tsinken waya a ciki. Doki babba ne, bakinsa yana sama a kan harawa, kuma baya lashe jikinsa yini guda kamar mage. Duk da haka akwai wani akawal da na riƙe, aka kawo mana mai laushin nan kamar garin tuwo da hunturu, kwana huɗu ya fara tari hancinsa na zuba, sai da muka kwashe ta kaf muka koma yayyafa ruwa kafin ya shiga sannan ya samu sauƙi. To ina ga kyanwa da hancinta ke ƙasa tana tona.

Babban abin ma shine feshi. Mu muna fesa maganin kaska da ƙuda a jikin doki da bango da ƙasan bargar, buhunan dusar kuma a jingine suke a nan gefe, ba wanda yake ɗauke su in za a yi feshin. Akwai wata mage da take zama a bargarmu saboda ɓeraye, bayan wani feshi da muka yi muka same ta tana karkarwa yawu na dalala, kafin la'asar ta mutu. Wallahi har yau abin yana damuna dan ni na riƙe famfon. Ga kaska da ƙuma da zaki kwaso ki kai cikin ɗakinki.

In dai katakon kike so ki gwada, ki tafi da kanki ko ki aiki ƙanin naki Panteka wajen masu injin goge katako, ba masu zarto ba. Na zarto gari ne, na injin gogewa kuma manya ne a nannaɗe kamar ɓawon albasa. Ki tsaya lokacin da suke aikin farin katako sabo wanda ba a shafa masa komai ba, a tara miki a buhunki a gaban idonki. Ki ba yaron shagon na shayi zai ware miki duk sati. Ɓuntu kuma kar ki wahalar da kanki, baya shan ruwa, fitsarin zai bi ta ƙasansa ya kwanta.

Maman_Ilham:

Innalillahi, Malam na gode ƙwarai, yanzun nan na kira ƙanina nace ya bari. Ashe suna ne ɗaya abu daban daban. Anti Hajjo na gode da bayanin roba biyun. Alhaji na gode, yashin na gwada a farko, hawa da shi bene da kuma yadda yake toshe min magudanar baranda ne yasa na bari. Akwai likitan dabbobi a nan ya faɗa mana ko farin katakon shima yana da illa? Sannan wata ƙawata tace wai abincin kaji na masu ƙwai ma yana dunƙulewa kamar ƙasar kanti.

Dr_Zee_Vet:

Salam Maman Ilham. Malam DanBarga ya faɗi mafi muhimmanci, bari in ƙara dalilin.

Hantar mage ba kamar ta kare ko doki ko mutum bace, tana da ƙarancin wani sinadari da yake taimakawa wajen narkar da wasu guba a fitar dasu. Shiyasa farasitamol ƙwaya ɗaya yake iya kashe mage, shiyasa kuma maganin ƙwari irin su fametirin da ake sa wa kare lafiya lau yake sa ta karkarwa da farfaɗiya, mai yiwuwa abinda Malam ya gani kenan a bargarsu. A cikin gubar da hantarta bata iya narkarwa akwai wani sinadari finol, wanda yake cikin man ɗanyen itacen fayin da na sida (cedar). Wanda Anti Hajjo take saya an gasa shi a tanderu kafin a matse, yawancin man ya tashi, dalilin da yasa ake amfani da shi ba matsala kenan. Duk wanda yake waje zai saya ya duba buhun, ya zama fayin zalla wanda aka busar a tanderu, ba wanda aka haɗa da wani ƙari ba, kuma na hura wutar ɗumama ɗaki ba lallai ya zama iri ɗaya ba dan wani gaurayen itatuwa ne.

Na nan gida kuma, ki guji jan katako da mai duhu. Ƙurar iroko da ta mansoniya sanannu ne wajen sa masu aikin katako asma da ƙaiƙayin fata, filawud da MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako) kuma akwai gam mai sinadarin fomalin a jikinsu, wanda aka shafa wa maganin gara ma kar ya matso. Farin katako manyan nannaɗe shine mai dama dama, amma ki tankaɗe shi a kwando ƙurar ta fita, ki baza a rana kwana biyu uku. Na fi damuwa da Lulu dan masu shafaffen hanci dama numfashinsu a takure yake. In kika ga atishawa, ido na ruwa, ko tana miƙe wuya ƙasa tana tari kamar zata yi amai babu abinda ya fito, ki janye shi ranar.

Abincin kaji yana dunƙulewa gaskiya ne tunda masara ce, amma ni ban yarda da shi ba a yanayinmu. Da damina kwana biyu ya yi funfuna, ga kyankyaso da ɓera da tururuwa, wasu magunan ma ci suke.

Akwai abinda nake so ki sa wa ido sosai saboda muzurun. Amfanin ƙasa mai dunƙulewa da mutane basa lura dashi shine tana nuna maka yawan fitsari, kana kwashewa kana ganin dunƙule nawa ne kuma girmansu yaya. A katako wannan yana ɓacewa. Muzurai kuma mafitsararsu tana toshewa dan hanyar siririya ce, zaki ga yana shiga roba yana fita, yana yunƙuri yana kuka, yana lasar gabansa, mutane su ɗauka kashi ne ya ƙi fita su ce a bari zuwa gobe. Wannan ba ya jiran gobe, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda ta tsaya. An sha kawo min su a makare. Dan haka kullum ki duba da idonki kiga inda katakon ya jiƙe ya canza kala.

Wanke roba da ruwan zafi da sabulu ko omo ya isa. Kar ki sa Dettol ko Izal, duka suna cikin dangin finol ɗin nan, tana takawa tana lashe ƙafa. In zaki sa bilic ki fara ɗauraye fitsarin tas, ki tsarma shi da ruwa sosai, ki sake ɗaurayewa ya bushe. Maguna biyu roba uku ya kamata, ƙa'idar ita ce adadinsu a ƙara ɗaya. Kar a juye katakon a masai zai toshe, kar kuma a kai shi lambun alayyafo ko latas a matsayin taki. In akwai mai juna biyu a gidan wani ya karɓi aikin kwashewar saboda ƙwayar toksofilasma dake iya zama a kashin mage ta shafi jariri, kuma a kwashe kullum dan ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum.

Hajjo_Houston:

Dakta Allah ya ƙara ilimi, maganar muzuru ta sa naje na duba nawa yanzu. Alhaji Garba ai turawan ma hanyarka suke bi a da, yashi da toka da garin katako. Sai a 1947 wani Ed Lowe a jihar Michigan, maƙwabciyarsa ta zo neman yashi dan tokar tana ɓata mata gida da sawun ƙafa, shi kuma ya bata busasshen yumɓun da suke sayarwa masana'antu na tsotse mai, daga nan sana'ar ta fara. Mai dunƙulewar ma a nan Amurka sai a shekarun 1980 ta fito. Maman Ilham in kin yi roba biyun ki goge bakin hujin da sanfefa, tawa ta farko ta yanki ƙafar ɗaya daga cikinsu.

Maman_Ilham:

Salam, na dawo da bayani bayan sati uku dan kar in bar ku a duhu. Ƙanina yaje Panteka kamar yadda Malam DanBarga yace, ya tsaya aka tara masa na farin katako buhu guda, kuɗin keke napep ɗin ma yafi kuɗin buhun. Na tankaɗe a kwandon wanke shinkafa, ƙurar da ta fita ta kusa cika kwano, sannan na baza a tabarma a baranda kwana uku ina juyawa. Na ƙaro roba ta uku.

Muzurun ko a jikinsa, ranar farko ya shiga ya tona ya yi abinsa ya rufe, har kwanciya ya so yi a ciki. Zarni kuma alhamdulillahi in dai na sa an kwashe jiƙaƙƙen safe da yamma ba a jin komai, in aka tsallake yini ɗaya kuwa ana ji tun daga ƙofar falo. Yana watsuwa, tsintsiya bata hutawa, sai da na yanka tsohon kwali na zagaye robar na bar ƙofa ɗaya.

Lulu ce ta ƙi. Na bi a hankali kamar yadda Anti Hajjo tace, da ya kai rabi da rabi sai ta fara tsayawa a bakin robar ƙafa biyu a ciki biyu a waje, kuma katakon yana maƙale mata a gashin ciki da wutsiya ta bi gado da kujera tana zubarwa, ran nan da asuba na samu ta yi fitsari a kan tawul a banɗaki. Ban matsa mata ba, na mayar mata da ƙasarta a roba ɗaya na ɗora a inda muzurun bai cika zuwa ba. Yanzu tunda ita kaɗai ke amfani da ita, jakar da na buɗe sati uku da suka wuce ko rabi bata yi ba. Baban Ilham da kansa yace a ƙaro buhu biyu kafin ruwa ya sauka a rasa wajen shanya.

Dakta maganar mai juna biyu ta shafe ni, ban sani ba wallahi, tun ranar na bar wa yarinyar dake taya ni aiki na saya mata safar hannu, kuma na faɗa wa likitata a awo. Fitsarin muzurun ina leƙawa da kaina kullum daga tsaye.

Saura abu ɗaya, ina ganin Lulu zata fi yarda da irin na Anti Hajjo tunda shi bazai kama gashi ba. In akwai wanda yasan inda ake matse dusar katako ta zama ƙwaya a Kaduna, Kano ko Abuja, ko mai injin yin abincin kifi da zai yarda ya gwada min da farin katako zalla ko kilo biyar ne, dan Allah ya sanar dani a nan.